Babi na Shida: Sabuwar Taya a Ƙarƙashin Tsohuwar Jif

"Wace taya zan sa wa motar nan?" Duk mai riƙe da tsohuwar Hilux ko Land Cruiser ko Pajero da ta haura shekara 20 ya taɓa yin wannan tambaya, galibi yana tsaye a rumfar mai faci da tsakar rana, bayan taya ta riga ta kunyata shi a hanya. Amsar da yake samu ba ta wuce biyu. Ko dai a nuna masa mai manyan haƙora a ce ita ce ta jif, ko a mirgino masa 'yar Beljiyom mai zane raɗau a ce rabin kuɗi zai biya. Duka biyun amsar mai sayarwa ce, kuma ba laifinsa ba ne, kasuwa ya fito. Amsar da za ta yi wa mai mota amfani tana wurare uku: hanyar da yake bi, rubutun da ke gefen tayar, da halin da ƙarƙashin motar ke ciki.

Wace hanya kake bi?

Ba hanyar da kake sha'awar bi ba, wadda kake bi kullum. Tayoyin irin waɗannan motoci kashi uku ne, kuma haruffan suna nan a jikinsu. HT ta kwalta ce: zanenta a matse yake, ba ta ƙugi, ba ta shan mai, tana kama birki a kan jiƙaƙƙen titi. MT ta taɓo ce, mai manyan haƙora da faffaɗan rami a tsakaninsu domin laka ta riƙa fita. AT tana tsakani, tana yin kwalta, tana yin burji, tana yin ɗan yashi da 'yar laka.

Mutumin da motarsa ke zirga-zirga tsakanin Kano da Kaduna, sai da salla ya leƙa ƙauye, in ya sa MT ya sayo wa kansa ƙara da ƙarin kuɗin mai, kuma haƙoran za su cinye a kan kwalta ba su taɓa ganin taɓon da aka yi su dominsa ba. Wanda kuwa ke shiga fadamar Haɗeja da damina, ko yake hawa tsaunin Mambila zuwa Gembu cikin ruwan sama, shi ya san ranar MT. Amma ga mafi yawan masu tsohuwar jif, masu rabin tafiya a titi rabi a hanyar gona da kasuwannin ƙauye, AT ce daidai. A rairayi ma, irin na Yusufari ko na hanyar Agadas zuwa Dirku, manyan haƙora ba su ne abin nema ba, domin tona rami suke yi su binne motar.

Rubutun da ke gefen taya

Sunkuya ka goge ƙurar. Za ka ga wani abu kamar haka: 265/70 R16 112S. Lambar farko faɗin tayar ne, milimita 265. Ta biyu tana nufin tsayin gefen tayar kashi 70 ne cikin 100 na wannan faɗi. R salon saƙar wayoyin da ke cikinta ne, 16 kuma girman wilin da za ta hau, inci 16. Wannan kowa yana dubawa, domin in bai dace ba tayar ba za ta shiga ba.

Abin da ake tsallakewa shi ne 112S, alhali a nan ran mutum yake. Lamba 112 tana nufin tayar za ta ɗauki kilo 1,120, S kuma tana nufin iyakar gudunta kilomita 180 a awa. Da 104 ce, kilo 900 ke nan; 116 kuma kilo 1,250. Kada ka tara huɗun ka ce ai sun ishe ka. A motar ɗaukar kaya nauyi ba ya rabuwa daidai, tayoyin baya biyu ne ke shan wahalar. Ka lissafa buhunan masara masu kilo 100 da ake jibga wa Hilux ranar kasuwa, ka ƙara mutanen da ke zaune a kansu, sannan ka sake duban lambar. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kada lambar nauyin sabuwar taya ta gaza wadda kamfanin motar ya rubuta. In ta fi, ba komai.

Shi ya sa mai ɗaukar kaya zai nemi haruffan LT kafin lambobin, ko C bayansu, kamar 205 R16C da tsofaffin Hilux da yawa suka zo da ita, ko kuma 8PR da 10PR. Duk suna nuna taya mai ƙarfin jiki da aka yi domin kaya, wadda ƙaya da tsinin dutse ba sa huda ta da wuri. Tana da tauri a zama, fasinja zai ji ramuka a ƙugunsa, kuma tana son iska fiye da ta ƙaramar mota. Da wannan tauri da kwana a daji, ni dai na san wanda zan zaɓa.

Tsofaffin Land Cruiser samfurin 70, da Toyota ta fara ƙerawa a 1984, da yawansu suna tafiya a kan 7.50 R16, siririya doguwa. Wanda bai same ta ba, 235/85 R16 kusan tsayinsu ɗaya. Sai dai a kula da wilin. Wasu daga cikin motocin nan wilinsu mai zobe ne, ba ya riƙe iska sai da tub a ciki. Direbobin sahara suna son sa domin mutum zai iya ɓalle taya ya yi faci a daji da ƙarfe biyu da guduma. Amma zoben nan in bai zauna daidai ba ana cikin ba da iska, yana iya fincikewa da ƙarfin da zai kashe mutum. Kada kai ko yaron mai faci ku tsuguna a gabansa a lokacin.

Zane yana ruɗi, shekaru ba sa ƙarya

Roba tana tsufa ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba. Zafi da hasken rana suna busar da ita, ta yi tauri, ta fara tsattsagewa, manna da ke riƙe da wayoyin ciki ta saki. Taya tana iya zama da zanenta cif, alhali cikinta ya mutu.

Ranar da aka yi ta a rubuce take. Nemi haruffan DOT a gefe, ka bi layin har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu, sau da yawa a cikin wani ɗan zagaye mai kama da ƙwai. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. In ba ka gani ba, juya tayar, wani lokaci a gefe ɗaya kawai ake bugawa. In lambobi uku ka gani, an yi ta kafin 2000, ajiye ta ka yi gaba.

Shekara nawa ne iyaka? Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta daɗe tana faɗa wa direbobin Najeriya shekara 4 daga ranar ƙira. Kamfanonin mota da yawa suna cewa 6. Michelin tana cewa daga shekara 5 a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai 10 a cire ko da kyanta. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40 a inuwa, hankali ya fi kwanciya da ƙaramin adadin.

Duba ranar ya zama dole ko a sabuwar taya. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina ƙira a Legas a 2008, don haka kusan duk tayar da ke kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka ta sha doguwar tafiya, wata kuma ta sha zaman sito kafin ta iso hannunka. Kana da damar ka ce a yage ledar.

"Alhaji, ai sabuwa ce dal, ga gashinta ma bai kakkaɓe ba."

"Na gani, Malam. Mirgino min ita dai in ga lambar."

Ɗan kasuwar kirki ba zai ji haushin wannan ba.

Ita kuwa 'yar Beljiyom, tana cikin kayan da gwamnatin Najeriya ta hana shigowa da su, amma ga ta nan a kowane lungu, kuma ba wanda bai san dalili ba: aljihu. Wanda dole ta sa shi saye, to ya yi da ido buɗe. Bayan ranar ƙira, ya sa hannu ya shafa cikinta ko zai ji faci ko waya ta ɓullo. Ya duba gefe, kumburi ko ɗan kaɗan ne yana nufin zaren ciki ya tsinke, kuma ba a facinsa. Ya leƙa ramin zanen, akwai wasu 'yan tudu da kamfani ke sawa masu tsayin milimita 1.6; in zane ya zo daidai da su tayar ta ƙare, in kuma babu su sam, wataƙila wani ne ya sake yanka zanen da wuƙa mai zafi ya shafe da baƙin fenti. Sannan ya yi hattara da tayar hunturun Turai, mai tarin siraran tsage-tsage a kan kowane haƙori. An yi robarta da laushi domin sanyin da bai kai digiri 7 ba. A titin Sakkwato cikin watan Afrilu, nan da nan take cinyewa.

Huɗun su zo ɗaya

A nan jif ta bambanta da ƙaramar mota, kuma a nan ake yawan yin asara ba a sani ba. In ka saka ogzilari a tsohuwar Hilux ko Land Cruiser 70, akwatin giyar da ke raba ƙarfi yana ɗaure farfelar gaba da ta baya su juya tare, zagaye ɗaya ba ragi ba ƙari. To a ce tayoyin gaba sun fi na baya tsayi. Kowane zagaye na gaba yana son cin ƙasa fiye da na baya, ga shi an ɗaure su. Kamar shanun huɗa ne a karkiya ɗaya, ɗaya dogo mai faɗin taku, ɗaya gajere: kunya ba za ta miƙe ba, kuma karkiyar ce za ta fara karyewa. A mota, karkiyar ita ce haƙoran giya da joyin farfela da aksil.

Motocin da ƙafafunsu huɗu ke ja kullum, irin su yawancin Prado da Land Cruiser 80, da Land Rover Defender, suna da giya ta tsakiya da ke shanye bambancin. Amma an yi ta ne domin ɗan lokacin shan kwana. In tayoyi suka saɓa, sai ta yi ta aiki tun daga Zariya har Jos ba hutu, ta yi zafi, ta ci kanta.

Saboda haka huɗun su zama girma ɗaya, zane ɗaya, kamfani ɗaya, domin lamba ɗaya daga kamfani biyu ba lallai tsayinsu ya zo daidai ba. Safaya ma ta shiga lissafi, ta zama irinsu, kuma a riƙa sa ta cikin juyi. In kuɗi bai kai na huɗu ba, a sayi biyu iri ɗaya da na kan motar, a sa su a aksil ɗaya, kuma na baya. Mutane sun fi son sa sababbi a gaba saboda sitiyari, amma motar da bayanta ya zame a jiƙaƙƙen titi ta fi wuyar tarowa.

Ko da tayoyin sun dace, kada a bar ogzilari a ciki a kan busasshiyar kwalta a motar da ba ta da giyar tsakiya. A yashi ko laka taya tana ɗan sulɓewa ta sauke matsin, a kwalta babu wannan dama. Alamarsa sitiyari ya yi nauyi, mota ta riƙa tutsu a kwana, sandar giyar ta ƙi fita. In haka ta faru, ja da baya kaɗan a miƙe, za ta saki.

Kwaɗayin babbar taya

Ba a musu, babbar taya tana ƙara wa jif kwarjini, tana kuma ɗaga cikinta daga ƙasa. Amma a yi lissafi. 265/70 R16 tsayinta kusan milimita 777 ne, 285/75 R16 kuma kusan 834. Bambancin ya kai kashi 7 cikin 100. Agogon gudu zai nuna 100 kana kan 107. Injin da dama ya tsufa zai ƙara nishi a hawa, kuloci zai ƙara shan wuya wajen tashi da kaya, birki zai ƙara nisa, boris da bushin za su ɗauki nauyin da ba a yi su dominsa ba, kuma tayar tana iya gugar jikin mota in an karya sitiyari duka. Duk wannan domin cikin motar ya ɗagu da abin da bai kai santimita 3 ba. Hawa mataki ɗaya, kamar zuwa 265/75, yawancin motoci suna ɗauka. Fiye da haka a tsohuwar mota ado ne mai cin kuɗi.

Iska

Da yawa daga masu faci, ka tsaya kawai, za su ɗura wa kowace taya abin da suka saba, wani ma da bugun ƙarfe yake aunawa. Adadin da ya dace yana kan wata 'yar takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a littafin motar, sau da yawa kashi biyu, na mota wayam da na mota da kaya. Lambar da ke jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da za a sa kullum ba. Sayi geji naka, ka riƙa aunawa da safe kafin mota ta motsa.

Akwai wata al'ada da ta kashe tayoyi da yawa: rage iska da bazara wai don kada zafi ya fasa taya. Abin a juye yake. Tayar da iskarta ta gaza, gefenta yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane zagaye, wannan motsi shi ke dafa ta daga ciki har zane ya rabu da jiki. In ka auna a tsakiyar tafiya ka ga iska ta ƙaru, haka ya kamata, kada ka sace ta.

Wurin da ake rage iska da gangan shi ne rairayi. A sauke ta zuwa tsakanin 15 da 20 a geji, tafin tayar zai ƙara tsawo, mota ta hau kan yashi maimakon ta nutse. Sharaɗin shi ne tafiya a hankali, ban da karya kwana da ƙarfi, kuma a mayar da iskar da zarar an taka ƙasa mai tauri. Wanda ba shi da famfo a mota kada ya fara.

Tsohuwar taya tana ba da labari

Kafin yaron shago ya mirgine tsofaffin zuwa bayan rumfa, ka tsaya ka dube su ɗaya bayan ɗaya, ka kuma tuna wace ƙafa kowacce ta fito. Wadda ta suɗe a tsakiya, iska ta yi mata yawa. Wadda ta cinye gefe biyu ta bar tsakiya, iska ta gaza ko kaya sun yi yawa. Wadda ta ci gefe ɗaya, saitin ƙafa ya goce, ko tayarod ko bushin sun mutu. Wadda ta yi tudu da kwari in ka shafa, shakazoba ce ta gaji. Duk ciwon da ya ci tsohuwar taya yana nan yana jiran sabuwa, kuma zai cinye ta cikin 'yan watanni. A gyara ƙafa tukuna, a yi saiti da balansin, sannan a ɗora sababbi. Daga nan a riƙa juya musu wuri duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000, kuma a sake ɗaure notocin wili bayan tafiyar farko.

Shiga ƙarƙashinta

Tsohuwar jif daga ƙasa take mutuwa, inda mai ita ba ya gani. Ranar da aka ɗaga ta domin sauya taya, ka ce wa bakanike ya kama kowace ƙafa sama da ƙasa ya girgiza. In ta yi ƙwas-ƙwas, boris ne ko joyin. A motoci masu aksil ɗin gaba na ƙarfe guda, ka dubi dunƙulen da ke bayan wili. Ɗan maiƙon giris ba komai ba ne, amma in baƙin ruwan mai yana tsiyaya har jikin taya, sil ɗin ciki ya mutu, man aksil ya gauraye da giris, kuma joyin da ke ciki ya kama hanyar lalacewa. Sauya sil aikin yini ɗaya ne.

Farfela tana da 'yan nonuwan giris a kowane joyin. Yawancin masu yi wa mota sabis baƙin mai kawai suke juyewa su sallame ka, sai ka ce a buga giris, ka tsaya har ka ga sabo yana turo tsoho waje. Haka sifirin na baya: a duba ko wani ganye ya karye, a ƙara ɗaure ƙarafan da ke riƙe shi da aksil.

Mai uku ne ake mantawa da su shekara da shekaru: na aksil ɗin gaba, na baya, da na akwatin ogzilari. Aksil yana da ɗan bututun numfashi a samansa. In ya yi zafi aka tsunduma shi cikin rafi, sai ya huce nan take ya zuƙi ruwa. Bayan damina, ko duk ranar da ruwa ya kai tsakiyar wili, a kwance notin a duba. Mai lafiyayye ruwan zuma ne ko baƙi-baƙi. In ya fito fari-fari da kauri, ruwa ya shiga, a zubar a sake. Ana sa wa aksil mai alamar GL-5, irin su 80W-90, sai dai in littafin motar ya faɗi wani.

Ogzilarin da ba a amfani da shi ma lalacewa yake yi. Littattafan Toyota na irin waɗannan motoci suna cewa a yi aƙalla kilomita 16 a wata da ƙafafu huɗu, domin mai ya zagaya kayan gaba. In wilin gabanka yana da makullin da ake murɗawa da hannu, ka murɗa duka biyun, ka sami hanyar burji ka zaga. Gara ka gane ba ya shiga a bayan gari da ka gane a tsakiyar taɓo da magariba.

Ƙafafu sun samu, saura abin da ke juya su. A babi na gaba za mu buɗe bonet: ruwan lagireto da dalilin da ya sa ruwan rijiya ke toshe shi, filtar iska a lokacin ƙurar hunturu, ruwan da ke taruwa a ƙarƙashin filtar gas, da bel ɗin tayamin na injuna irin su 1HZ da 3L, wanda in ya tsinke ana tafiya sai an sauke kan inji. Kafin nan, ka fita ka karanta lambobi huɗun da ke kan safayarka.